Bindigar Katako

Ran Laraba da la'asar, a filin lise,
aka raba mana bindigogin katako.
Tawa, a duk Tawa, babu mai muninta:
guntuwa ce, gara ta ci gindinta,
wani ya rubuta sunan budurwarsa a kai da ƙusa.

Sarzan Arzika, mai yatsu huɗu a hannun hagu,
ya buɗe murya: Hagu! Dama! Hagu!
Asumane ya ɗaga damarsa sau uku a jere,
muka haɗiye dariya kamar tari a sahun salla.

Wata guda muna koyon tsayuwa.
Ni da na ɗauka tun yaye na iya ta!
Ashe akwai tsayuwar da ƙuda zai sauka a hancinki,
ya wanke hannu, ya yi hamma,
ke kuwa ko ƙifta ido.

Ranar da muka koyi naɗe tuta ya tambaya:
Wannan ƙyalle na wane ne?
Muka ce: Na gwamnati!
Ya tsotsi haƙori.
Barira, me uwarki ke sayarwa?
Albasa, sarzan.
Tikitin da take yanka kowace ranar kasuwa fa?
To duba koren nan da kyau,
zare ɗaya a ciki nata ne.
In kika bar shi ya taɓa ƙasa,
ita kika yar.

Ya koya mana taswira a kan yashi da tsinke.
Arewa ba ta ɓata, in ji shi, mutum ke ɓacewa.
Ya ce sojan da ya ci kazar talaka
ɓarawo ne mai takalmi.
Wanda ya ɗaga hannu sama, ruwa ake fara ba shi.
Umarni bin sa ake,
amma akwai umarnin da bin sa laifi ne,
kuma dokar ƙasa ta girmi galan kafaɗa.
Wannan bai faɗe shi da ƙarfi ba.
Yatsan da babu yake kallo.

Asumane ya ce: Yaushe za a ba mu ta ƙarfe?
Sauri ya haifi nawa, ɗan Garkawa.
Ka fara sanin hagunka.

Sai Larabar ƙarshe ta watan Yuni.
Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin,
kafin magariba Babaye ya cika ya batse,
katangun laka suka riƙa durƙusawa kamar raƙuma.
Ba wanda ya busa usur.
Mun dai tsinci kanmu a sahu, ruwa har gwiwa,
buhun yashi na bin hannu zuwa hannu,
hagu, dama, hagu,
Asumane bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

A wani zaure muka iske Inna Ta-Allah,
azara ta faɗo mata a ƙwauri.
Darasi na tara: kada a motsa karaya sai an ɗaure.
Na duba, kara duk ya jiƙe ya yi laushi.
Abin da ke rataye a bayana kaɗai ya rage.
Na ɗora ta a gefen ƙafar,
tsawonta daidai kamar an auna,
na yaga ɗankwalina gida uku.
Tsohuwa na salati tana zagina, duk a numfashi ɗaya.

Washegari sarzan ya ƙirga: ashirin da tara.
Barira, ina taki?
Tana asibiti, sarzan.
Ya dube ni har ƙuda ya sauka a hancina.
Ban kore shi ba.
Ya lashi bakin fensir, ya buɗe littafin kaya,
gaban lamba goma sha bakwai ya rubuta:
Tana bakin aiki.